SHARHI: Marwa, tsohon jakadan da ke riƙe da NDLEA, da aikin da ke jiransa a Suleja

Labarai biyu suka fito daga Fadar Shugaban Ƙasa a watan Nuwamban 2025, kuma masu sharhi kaɗan ne suka karanta su tare. Na farko shi ne sabunta wa'adin Birgediya Janar Mohamed Buba Marwa mai ritaya a kan kujerar shugabancin Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, na ƙarin shekara biyar da za su kai shi 2031. Na biyu kuwa shi ne jerin sunayen jakadun da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dattawa a ƙarshen watan, fiye da shekara biyu bayan da aka kira jakadun Najeriya gida a Satumban 2023.

A tsawon wannan lokaci, masu riƙon ƙwarya ne suka tafiyar da ofisoshin jakadancin ƙasar. Wakilai biyu kaɗai aka bari a guraben aikinsu lokacin da aka yi kiranyen, wato na hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Amurka da na Janiba. Biyenna, babban birnin Ostiriya, ba ta cikin waɗanda aka keɓe, alhali a can ne ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka yake, a can ne kuma hukumar ƙasashe 53 da ke yanke hukuncin wace ƙwaya za a haramta a duniya take zama kowane watan Maris. Wannan giɓi bai fito fili sosai ba a fannin ƙwayoyi, domin mutumin da ke shugabantar NDLEA tsohon jakada ne, kuma ya ci gaba da aikin jakadancin daga ofishinsa na Abuja.

Wannan ne ƙarfin Marwa, kuma a nan ne ya kamata a nemi iyakarsa. Shekara biyar ɗin farko sun tafi ne wajen gyara sunan Najeriya a idon ƙasashen waje da toshe hanyoyin shigowar kaya. Ragowar aikin yana garuruwa irin su Suleja, inda dubban ma'aikatan tarayya ke kwana, inda 'ya'yansu ke tasowa, kuma inda yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Riyad ba ta da wani tasiri a kan yaron da ya riga ya kamu.

Soja a ofishin jakadanci

An haifi Marwa a Kaduna ranar 9 ga Satumba, 1953, asalin gidansu kuwa Michika ne a Jihar Adamawa ta yanzu. Ya yi makarantar soja ta Zariya, ya wuce kwalejin horar da hafsoshi ta Kaduna, daga baya ya yi digiri na biyu har sau biyu a Amurka, ɗaya a Jami'ar Pittsburgh a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, ɗaya a Harvard a fannin gudanar da mulki. Jama'a sun fi saninsa da gwamnan soja na Borno daga 1990 zuwa 1992, da kantoman Legas daga 1996 zuwa 1999, inda har yau ake kiran babur mai ƙafa uku da sunansa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne kafin Borno ya yi aiki a sashen tsaro na ofishin jakadancin Najeriya da ke Washinton, tsakanin Borno da Legas kuma ya zama mashawarcin tsaro a tawagar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Waɗannan shekaru na biyun su ne mafi muni ga sunan Najeriya a harkar ƙwaya. Gwamnatin Buhari ta mulkin soja ta riga ta gwada takobi: Dokar Soja ta 20 ta 1984 ta tanadi kisa, kuma a Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas, hukuncin da ya jawo suka mai yawa saboda an yi amfani da dokar a kan laifin da ya riga ta zuwa. Gwamnatin Babangida ta soke kisan, ta kafa NDLEA da Dokar Soja ta 48 ta 1989, shekara guda bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin ƙwayoyi. Sai Doka ta 33 ta 1990, wadda ta ce duk ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya zai sake fuskantar ɗaurin shekara biyar idan ya dawo, saboda ya zubar da mutuncin ƙasa. Duk wannan bai hana gwamnatin Bill Clinton a 1994 sanya Najeriya cikin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai ba, matakin da ya toshe tallafi kuma ya wajabta wa Amurka ƙin goyon bayan rancen da Najeriya za ta nema a manyan bankunan raya ƙasashe. Sai a 2010, zamanin Ahmadu Giade a NDLEA, Amurka ta cire Najeriya daga jerin manyan ƙasashen da ake bi da ƙwaya ta cikinsu.

Duk jami'in da ya riƙe koren fasfo a waɗannan shekaru ya san yadda ake ware ɗan Najeriya a filin jirgi. Wannan tarihi ya bar wa NDLEA wata ɗabi'a tun daga haihuwarta: hukuma ce da aka gina don amsa tambayar ƙasashen waje, ana auna ta da kilo nawa ta kama a filin jirgin Legas, kafin a tambaye ta mutum nawa ta ceto a Fagge ko Sabon Gari.

Bayan ya ajiye kaki, ya kafa kamfanin jiragen sama na Albarka, ya nemi takarar shugaban ƙasa a PDP a 2006 kafin ya janye wa Umaru Musa 'Yar'aduwa. 'Yar'aduwa ne ya tura shi jakada Afirka ta Kudu, tare da kula da Lesoto da Suwaziland. Ba wurin hutu ba ne. A Mayun 2008 aka kashe mutum 62 a tarzomar ƙin jinin baƙi, kuma zargin da aka fi jifan 'yan Najeriya da shi a titunan ƙasar shi ne sayar da ƙwaya. A 2009 fim ɗin District 9 ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba, har Ministar Yaɗa Labarai Dora Akunyili ta nemi a daina nuna shi a Abuja. Zargin bai mutu ba: a Satumban 2019, lokacin da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya da jirgin Air Peace, Ministar Harkokin Wajen Afirka ta Kudu Naledi Pandor ta sake tayar da shi a bainar jama'a. Jakadan da ya zauna a Firitoriya ya koyi cewa dillali guda yana iya jawo wa likitoci da malaman jami'a da 'yan kasuwa dubu baƙin jini.

Ƙofar da ya shigo harkar ƙwaya kai tsaye ita ce kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan kawar da shaye-shaye, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗora shi a kai a ƙarshen 2018. A shekarar ce binciken BBC kan ruwan kodin ya girgiza Arewa, har Ministan Lafiya Isaac Adewole ya hana shigo da shi da sarrafa shi a farkon watan Mayu. A Janairun 2019 kuma aka fitar da sakamakon ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya: mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari, kusan ninki uku na matsakaicin duniya. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Kusan miliyan uku sun kai matakin da suke buƙatar magani. Da wannan takarda a hannu Marwa ya karɓi NDLEA a Janairun 2021.

Inda jakadancin ya yi rana

Adalci ne a faɗi cewa hukumar ta farfaɗo. A Fabrairun 2022 ta bayyana Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Abba Kyari a matsayin wanda take nema kan zargin hodar iblis, ta kuma gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Tarayya, zargin da ya musanta. Kafin lokacin, ba kowa ne zai yarda cewa NDLEA za ta iya taɓa ɗan sanda mai irin wannan suna ba. A Satumbar wannan shekarar ta kama tan 1.8 na hodar iblis a wani ɗakin ajiya a Ikorodu, kamu mafi girma na hodar a tarihinta, kuma hukumar da kanta ta ce da taimakon takwararta ta Amurka aka yi aikin. Irin wannan bayanin sirri ba a miƙa shi ga hukumar da ba a amince da ita ba. Amana ce ake ginawa da ziyara da zama da cika alkawari, kuma wannan sana'ar jakada ce.

Misalin da ya fi taɓa Arewa shi ne na Saudiyya, inda hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. A ƙarshen 2018 aka tsare wata ɗaliba da ta je Umara, bayan an samu tiramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, a cikin watan da Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Najeriya. A Agustan 2025 abin ya maimaita kansa a wannan filin jirgi: aka tsare masu ibada uku a Jidda kan jakunkunan da ba nasu ba. Bambancin shi ne a wannan karon akwai yarjejeniyar fahimtar juna da NDLEA ta ƙulla da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Saudiyya a Afrilun shekarar. Hukumar ta kama waɗanda take zargi da liƙa sunayen a Kano, ta miƙa hujjojinta, aka saki mutanen uku a watan Satumba. Wata huɗu ya koma 'yan makonni, kuma a lokacin Najeriya ba ta da cikakken jakada a Riyad.

Sai dai wannan nasara tana ɗauke da tambaya mai ɗaci. Kusan shekara bakwai tsakanin lamarin farko da na biyu, filin jirgi ɗaya, dabara ɗaya. An ƙware wajen ceto wanda aka zalunta bayan ya isa Jidda, amma ba a toshe ramin da ke wurin auna kaya a Kano ba, kuma wannan ba aikin NDLEA ita kaɗai ba ne.

Batun Indiya ya fi wuya. Tiramadol ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade, domin kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya daɗe yana tsoron cewa ƙayyade shi zai hana marasa lafiya a ƙasashe matalauta samun maganin raɗaɗi. Saboda haka kowace ƙasa da dokarta. Da Indiya ta tsaurara fitar da shi a 2018, sai wasu masana'antu suka koma haɗa tapentadol da carisoprodol, haɗin da ba a amince da shi a matsayin magani ba, suna turo shi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Binciken BBC na Fabrairun 2025 ne ya sa hukumomin Indiya suka haramta haɗin cikin 'yan kwanaki. Abin lura ga ma'aikatan Ma'aikatar Harkokin Waje shi ne kyamarar ɗan jarida ta yi abin da takardun diflomasiyya ba su yi ba cikin shekaru. Ƙwayar da ake sayarwa a tashar mota a Arewa ana yanke hukuncin makomarta ne a ofishin mai ba da lasisi a Indiya, kuma wannan aiki ne na jakada mai zaman dindindin, wanda zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kowane wata.

Kan tabar wiwi kuwa, Marwa bai ɓoye adawarsa da halatta ta ba. A Disambar 2020, wata guda kafin ya hau kujera, hukumar Biyenna ta kaɗa ƙuri'ar cire wiwi daga rukunin mafi haɗari na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya ta ƙi, Afirka ta Kudu ta amince. Abin sha'awa, biyu daga cikin ƙasashe ukun da ya yi wa jakadanci suna cikin waɗanda suka fara buɗe wannan ƙofa a nahiyar: Lesoto ta soma ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu kuma ta halatta shan ta a keɓe a 2018. Hujjar Marwa ita ce ƙasar da ke da mashaya miliyan 10.6 da ƙarancin asibitoci ba za ta iya kwaikwayon waɗannan ba. Hujja ce mai nauyi, amma tana da wutsiya: idan ƙarancin asibiti ne dalili, to gina asibitin ya zama wajibi a kan mai wannan hujja da gwamnatin da yake yi wa aiki.

Akwai kuma ƙofar arewa, wadda ta fi kowacce rauni yanzu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna hodar iblis da ake kamawa a yankin Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Jamhuriyar Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, bayan rufe iyaka da takunkumin da suka biyo juyin mulkin Yulin 2023. Tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, musayar bayanai tana buƙatar zumuncin da siyasa ta ɓata.

Suleja: kusa da Abuja, ƙarƙashin Minna

Garin da ya ba babban birnin tarayya sunansa a 1976, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, shi ne yau ɗakin kwanan Abuja. Kuɗin haya ne ya kori ƙananan ma'aikata da matsakaita daga Wuse da Garki zuwa Madalla, Kwamba, Maje da Gauraka. Uba ya fita da asuba don ya riga cunkoson Zuba, ya dawo bayan isha'i. Sau da yawa uwa ma haka. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 200 da 'yan kai, adadin da duk wanda ya ratsa kasuwar IBB ya san an daɗe da wuce shi. Garin kuma yana bakin mahaɗar hanyoyi. Wiwin da ake nomawa a dazukan Ondo da Edo, da kwalayen magungunan da ke tasowa daga kasuwannin kudu, suna bin Lokoja da Abaji da Gwagwalada, su iso Zuba, daga nan su rabu zuwa Kaduna da Kano ko zuwa Minna. Duk mai karanta sanarwar da kakakin hukumar Femi Babafemi ke fitarwa kowace Lahadi ya saba da sunan wannan hanya. Kayan da ke wucewa kuwa ba ya wucewa duka. A kowane zango sai an sauke wani abu.

Matsalar gudanarwa ta fara ne daga taswira. Zuba tana ƙarƙashin rundunar NDLEA ta Babban Birnin Tarayya, Madalla da ke manne da ita tana ƙarƙashin rundunar Jihar Neja mai hedikwata a Minna, tafiyar kusan kilomita 100. Tsarin mulki ya sanya ƙwayoyi da guba cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'arsu. Amma asibitin gwamnati na garin, da makarantun sakandare, da dakunan shan magani na unguwanni, na jiha ne da ƙaramar hukuma. Ma'ana, kamu da gurfanarwa na Abuja ne, magani da rigakafi kuwa an bar wa Minna, wadda ke kallon Suleja a matsayin garin da Abuja ta cika da mutane. Dillali ya san wannan iyaka fiye da jami'in da ke rubuta rahoto.

Fadar Shugaban Ƙasa ta kafa hujjar sabunta wa'adin da alƙaluma biyu: an kama mutum dubu 73, an ƙwace fiye da kilo miliyan 15. Alƙaluma ne na gaske, amma ƙoƙarin hukuma suke aunawa. Kamu yana iya ƙaruwa saboda jami'ai sun ƙara himma, yana kuma iya ƙaruwa saboda kaya sun ƙara yawa a kasuwa. Ma'aunin da zai raba gardama shi ne yawan mashaya, kuma adadin da manyan jami'ai ke ambato a kowane taro har yanzu shi ne miliyan 14.3 na ƙidayar 2018. A waccan ƙidaya shiyyar Arewa ta Tsakiya, inda Neja da Abuja suke, tana da kashi 10 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kashi 12, Kudu maso Yamma kashi 22.4. Yaron da yake aji shida na firamare lokacin da aka yi ta, yau ya isa shiga jami'a. Hadimin da zai rubuta wa minista jawabi ya kamata ya san cewa hoton da yake nunawa ya tsufa.

Wajen magani ne giɓin ya fi faɗi. NDLEA tana da ɗakunan ba da shawara da gyaran hali a rundunoninta, ta buɗe layin waya na kyauta a 2022, kuma gangamin wayar da kai da aka ƙaddamar a Yunin 2021 ya shiga makarantu da masallatai da fadojin sarakuna. Amma rabuwa da tiramadol ko kodin aikin likita ne na watanni, da komawa baya da sake farawa. Iyalin da ke Suleja sai su nufi asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko cibiyoyi masu zaman kansu na Abuja da kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin mai mataki na 8. Wanda bai iya ba, sai gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Satumban 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda ya biyo baya a Daura, sun nuna inda iyaye ke kai 'ya'yansu idan hukuma ba ta tanadi wuri ba. An rufe gidajen, amma buƙatar da ta cika su tana nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, sai dai doka ba ta zama gado a asibiti sai an saka ta a kasafi.

Ita kanta dokar NDLEA ba ta bambanta mashayi da dillali yadda ya kamata ba: mallaka ko sha na iya jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Tun a 2014 kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kafa kuma Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a karkata ƙarfin doka kan manyan dillalai. Majalisar Dattawa ta bi wata hanya dabam a Mayun 2024, ta amince da hukuncin kisa ga masu safara, kafin a daidaita da Majalisar Wakilai a kan ɗaurin rai da rai. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu, kuma dalilinsa bai shafi hukunci ba: ƙudirin ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kuɗin gwamnati. Mutanen Suleja sun san inda cunkoson shari'a ke ƙarewa. A daren 24 ga Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan gyaran halin garin, fursunoni fiye da 100 suka tsere, kuma Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ce gidan da aka gina don mutum 250 yana ɗauke da kusan ninki biyu.

Gwaji a ƙofar aikin gwamnati

Manufar da Marwa ya fi daɗewa yana tallatawa, wato gwajin ƙwaya ga 'yan takara da ɗalibai da masu shirin aure, yanzu ta iso sakatariyar tarayya. A Disambar 2025 Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ya umarci manyan sakatarori da shugabannin hukumomi su sanya gwajin cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki, tare da haɗin gwiwar NDLEA. Daraktocin kula da ma'aikata ne za su aiwatar, don haka ya dace su san abin da gwajin ke iya faɗa. Gwajin fitsari na gaggawa yana gano abin da aka sha kwanan nan ne kawai. Kodin yana ɓacewa cikin kwana biyu ko uku, wiwi kuwa na iya daɗewa har makonni a jikin wanda ya saba. Tiramadol ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi wa dangin kodin sai an tanadi nasa na musamman. Wanda likita ya rubuta wa maganin raɗaɗi ko na barci zai iya faɗuwa, wanda ya san ranar gwaji ya daure mako guda kuma ya tsallake. Shi ya sa a ƙa'idar aikin, sakamakon farko ba hukunci ba ne sai an tabbatar da shi a ɗakin bincike.

Tambayoyin da ke gaban masu aiwatarwa a bayyane suke. Wa zai biya kuɗin gwaji na biyu? Wa zai riƙe sakamakon, ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri? Matashin da ya faɗi, an hana shi aiki ke nan har abada, ko za a tura shi magani ya dawo? Marwa ya sha cewa manufar gwajin ita ce gano matsala da wuri don a yi magani. Idan haka ne, kowace takardar sakamako tana buƙatar adireshin asibitin da zai karɓi mai ita, in ba haka ba gwajin zai zama wata sabuwar takarda da ake nema a layi, kuma ma'aikatan gwamnati sun san abin da ke faruwa da takardar da kowa ke buƙata kuma mutum ɗaya ke sa wa hannu.

Babban tsarin ƙasa na yaƙi da ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya ƙare wa'adinsa a Disambar 2025. Ginshiƙai huɗu aka ɗora shi a kai: rage shigowar kaya, rage buƙata, samar da magungunan da aka ƙayyade ga marasa lafiyar da ke buƙatarsu, da daidaita aikin hukumomi. Na farko ne ya samu kyamara da yabo. Na uku, wanda ya shafi mai ciwon daji da ke neman maganin raɗaɗi a asibiti, da wuya a ji an ambace shi. Na biyu da na huɗu kuwa suna hannun mutanen da Marwa ba shi da ikon ba su umarni: Ministan Lafiya, gwamnoni 36, kwamishinonin kasafi, da shugabannin ƙananan hukumomi irin ta Suleja da Tafa da Gurara. Da su zai zauna a wa'adi na biyu, kamar yadda ya zauna da Saudiyya, sai dai Gwamna Mohammed Umar Bago da takwarorinsa za su fara tambayar wanda zai biya albashin likitocin ƙwaƙwalwa kafin su sa hannu a kan komai.